Ɗan gurbin da antibodin ɓera ke kamawa a jikin ƙwayoyin garkuwar ɗan Adam

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu warware wani abu da ake yawan ambata idan ana maganar lafiya, amma ba a cika tsayawa a kansa ba. Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin CD4, wato ƙirgar fararen ƙwayoyin jinin da ke ɗauke da furotin mai wannan suna, ko aka duba masa ɓargo don gano irin sankarar jinin da ke damunsa, to sakamakon da aka miƙa masa ya rataya ne a kan antibodin da jikin ɓera ya fara ƙerawa. Antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya gane wani abu ya kama shi. Mu da ke aiki da waɗannan kaya muna ganin ya dace ɗaliban kimiyyar gwaje-gwaje da likitocin da ke karanta sakamako su san yadda wannan antibodi ke gane abin da aka aike shi ya gano. Maganar tamu guda ɗaya ce: antibodi bai san furotin gaba ɗayansa ba. Wani ɗan gurbi kawai yake kamawa a jikin furotin ɗin, wanda za mu riƙa kira makama, kuma duk abin da ya taɓa makamar nan ya taɓa sakamakon gwaji.

Antibodin da aka fi aiki da shi, wato ajin IgG, furotin ne mai sarƙoƙi huɗu, biyu manya, biyu ƙanana, nauyinsa kusan kilodalton 150. Yana da hannu biyu iri ɗaya da jela guda. A ƙarshen kowane hannu akwai lanƙwasa shida, uku daga babbar sarƙa, uku daga ƙarama, kuma su ne ke taɓa furotin ɗin da ake nema. Ta uku a babbar sarƙa ta fi sauran bambanta daga wannan antibodi zuwa wancan, galibi ita ke zama a tsakiyar kamun. Wurin da waɗannan lanƙwasa suke rufewa bai wuce amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 15 zuwa 22 ba, alhali furotin ɗin kansa yana iya ƙunsar ɗaruruwa. Ko a cikin waɗannan ma, 'yan kaɗan ne ke ɗauke da yawancin ƙarfin riƙon. Babu wani ɗauri na dindindin a tsakaninsu. Abin da ke riƙe su shi ne dacewar siffa, da jan da caji mai kyau ke yi wa kishiyarsa, da ƙananan haɗe-haɗen haidirojin, da kuma yadda sassan da ba sa son ruwa ke manne wa juna su kori ruwan da ke tsakani. Kowanne ɗaya mai rauni ne, sai sun taru suke yin ƙarfi. Shi ya sa sauya amino asid guda tak ke iya rusa kamun baki ɗaya. Yawancin makamai kuma ba a jere suke a sarƙar furotin ba. Sassa ne masu nisa da juna da naɗewar furotin ta kawo kusa. Idan naɗin ya warware, makama ta tafi ko da babu amino asid ɗin da ya ɓata.

Hannu biyun nan suna da amfani a kan ƙwaya mai rai. Inda furotin ya yi yawa a fatar ƙwaya, hannayen biyu sukan kama a lokaci guda, idan ɗaya ya saki sai ɗaya ya riƙe har na farko ya sake kamawa. Inda furotin ɗin ya yi ƙaranci kuwa, hannu ɗaya ne ke aiki, kuma antibodi mai raunin riƙo yakan zube a wurin wanki.

Me ya sa ɓera? Garkuwar kowace dabba tana koyon ƙyale abin da yake nata. Ƙwayoyin B (masu ƙera antibodi) da ke kama furotin ɗin jikinsu da ƙarfi ana kashe su ko a kashe musu kaifi tun suna ƙanana. Don haka jikin mutum ba zai ƙera antibodi mai kyau a kan CD4 ɗinsa ba. Shi ma ɓera yana da nasa CD4, amma zuriyarsa da ta ɗan Adam sun rabu fiye da shekara miliyan 70, amino asid da yawa sun sauya. Idan aka yi masa allurar ƙwayoyin mutum, garkuwarsa takan tsallake wuraren da suka yi kama da nasa, ta far wa wuraren da suka bambanta. Wannan yana da sakamako biyu da mai aiki ya kamata ya riƙe. Na farko, antibodin ɓera a kan furotin ɗin mutum galibi ba ya kama takwaransa na ɓera. Na biyu, furotin ɗin da kusan bai sauya ba tsakanin jinsunan biyu yana da wuyar samun antibodi daga ɓera, sai a koma ga zomo ko wata dabba, ko a yi amfani da ɓeran da aka cire wa ƙwayar gadon furotin ɗin.

Hanyar samun antibodi iri guda tak, wanda za a iya ci gaba da samarwa har abada, Georges Köhler da César Milstein ne suka fito da ita a Cambridge ta ƙasar Ingila a 1975, kuma ta kai su ga kyautar Nobel a 1984. Ana yi wa ɓera, galibi nau'in BALB/c, allurar ƙwayoyin mutum miliyan goma zuwa ashirin, a maimaita sau biyu ko uku da tazarar mako biyu zuwa uku. A ɗebi ɗan jini a duba ko ya amsa. Kwana uku ko huɗu bayan allurar ƙarshe sai a cire saifarsa, wadda ke ba da ƙwayoyi kusan miliyan 100. A gauraya su da ƙwayoyin sankarar mayeloma ta ɓera (sankarar ƙwayoyin da ke ƙera antibodi), irin su SP2/0, kamar biyar zuwa goma na saifa ga kowace ɗaya ta mayeloma. A ɗiga musu sinadarin PEG mai ƙarfin kashi 50 cikin ɗari a hankali cikin minti ɗaya a zafin digiri 37, sannan a tsarma shi sannu a hankali, domin gaggawa a nan tana fasa ƙwayoyin da suka fara haɗewa. Kusan ɗaya cikin dubu ɗari ce ke zama haɗaɗɗiyar ƙwaya mai ɗorewa, wadda ake kira haibiridoma. Ana rarraba su a faranti mai ramuka 96 cikin ruwan reno na HAT. Sinadarin aminopterin da ke ciki yana toshe babbar hanyar da ƙwaya ke ƙera tubalan DNA. Mayelomar da aka zaɓa ba ta da inzam ɗin HGPRT (inzam furotin ne mai gudanar da wani aikin sinadari) da zai ba ta damar bin ɗaya hanyar, sai ta mutu. Ƙwayoyin saifa da ba su haɗe ba su ma sukan mutu da kansu cikin 'yan kwanaki. Wadda ta gaji inzam daga saifa ta kuma gaji rashin mutuwa daga sankara ita kaɗai ke tsira, kuma cikin kwana 10 zuwa 14 ake ganin tarinta a gindin rami.

A wurin tantancewa ne ake yawan yin asara. Idan aka gwada ruwan kowane rami a kan furotin da aka tace aka manna a roba, za a zaɓo antibodi da yawa da ke kama furotin ɗin a kwance ko a warware, amma idan aka kai su kan ƙwaya mai rai ba sa ganin komai, domin makamarsu tana ɓoye a cikin naɗi ko tana fuskantar fatar ƙwaya. Wanda yake son antibodin da zai yi aiki a kan jini, to a kan ƙwaya mai rai zai tantance tun daga farko. Bayan haka dole a tsarma ƙwayoyin har kowane rami ya samu ƙwaya guda, a maimaita aƙalla sau biyu. Haibiridoma takan zubar da wasu kuromosom ɗinta, kuma wadda ta daina ƙera antibodi ta fi saurin hayayyafa, idan aka yi sakaci sai ta mamaye kwalbar. Zuriyar ƙwaya guda da aka tabbatar ita ake kira kulon, a ba ta suna, a adana ta a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri.

Zuwa 1979 antibodi irin waɗannan sun fara fitowa a kan fararen ƙwayoyin jinin mutum. Andrew McMichael da Milstein sun samar da NA1/34, Patrick Kung da Gideon Goldstein kuma suka samar da jerin OKT3 da OKT4 da 'yan uwansu a Amurka. Nan da nan sai rikici ya taso, domin kowane ɗakin bincike da sunan da ya ba nasa, ba a san waɗanda ke kama abu ɗaya ba. A 1982 aka yi taron farko a birnin Paris, inda aka rarraba antibodi ba tare da sunayensu ba ga ɗakunan bincike da dama, aka gwada su a kan ƙwayoyi iri-iri, aka tara waɗanda suka nuna hali ɗaya a rukuni guda aka ba shi lamba. Daga nan lambobin CD suka samo asali, rukunin NA1/34 ya zama CD1, yau kuma sun haura 370. A lura cewa lambar ta fara ne a matsayin sunan rukunin antibodi, daga baya ta koma sunan furotin ɗin. Kulon goma na iya zama a ƙarƙashin lamba ɗaya alhali kowanne da inda yake kamawa.

CD4 ya fi kowane nuna wannan a fili. Ɓangarensa da ke wajen ƙwaya yana da sassa huɗu a jere, na ɗaya a can ƙoli, na huɗu a kusa da fata. Kulon SK3 da RPA-T4 suna kama sashe na ɗaya, kusa da inda furotin gp120 na ƙwayar cutar ƙanjamau ke sauka, don haka suna hana shi kamawa. OKT4 kuwa sashe na uku yake kamawa, ba ya hana ƙwayar cutar komai. Wani kulon na ɓera mai suna 5A8 yana kama sashe na biyu: ba ya hana gp120 sauka, amma yana hana matakin da ke biyo baya, kuma ba ya tare inda CD4 ke yin aikinsa na garkuwa. Daga shi aka ƙera maganin ibalizumab da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Furotin ɗaya ke nan, makama uku, aiki uku.

Labarin OKT4 ne muke so likitoci su fi riƙewa. Tun farkon shekarun 1980 aka lura akwai mutane lafiyayyu ƙalau waɗanda idan aka gwada jininsu da OKT4 sai a ga kamar ba su da ƙwayar CD4 ko ɗaya, idan kuma aka gwada da wani kulon sai a ga adadinsu daidai. A 1991 aka gano dalili: a gurbi na 240 na sarƙar furotin ɗin, tiriptofan ya maye gurbin arjinin. Amino asid guda ke nan cikin fiye da ɗari huɗu. CD4 ɗin yana nan yana aikinsa, makamar OKT4 ce kawai ta ɓace. Abin gado ne: wanda ya gada daga iyaye biyu ƙwayoyinsa ba sa haske ko kaɗan a na'urar gwaji idan an sa musu OKT4, wanda ya gada daga ɗaya kuma ƙwayoyinsa suna haske da kusan rabin ƙarfin na sauran mutane. An fi samun wannan sauyi a tsakanin mutanen da asalinsu Afirka ne. Antibodin nan kamar mai gadi ne da bai san sunan kowa ba, tabon kunne kawai yake dubawa, ranar da mai gida ya zo babu tabon sai ya ce ba ya nan. Kayan ƙirgar CD4 da aka fi amfani da su a asibitoci yau suna ɗauke da kulon irin su SK3 da wannan sauyi bai shafa ba, amma har gobe ana sayar da OKT4 don bincike. Ɗalibin da ya saye shi don kawai an rubuta CD4 a jikin kwalbar yana iya fitar da adadin ƙarya a cikin wasu daga cikin mutanen da ya ɗebi jininsu, kuma ba zai ga alamar kuskure a na'ura ba. A ganinmu wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa kowane malami ya tambayi ɗalibinsa sunan kulon kafin ya sa hannu a takardar sayen kaya.

CD20 na ƙwayoyin B shi ma haka. Yana ratsa fatar ƙwaya sau huɗu, abin da ya leƙo waje ɗan kaɗan ne, lanƙwasa biyu, babba da ƙarama. Kulon 2B8 na ɓera, wanda aka ƙera maganin rituximab daga gare shi, yana kama babbar lanƙwasar a wajen amino asid na 170 zuwa 173. Alanin na 170 da firolin na 172 su ne ginshiƙi. A CD20 na ɓera serin ne a wuraren biyu, shi ya sa rituximab ba ya taɓa ƙwayoyin B na ɓera. Akwai kuma kulon L26 da masu duba yankan nama ke amfani da shi, wanda makamarsa ke cikin ƙwaya. Idan aka zuba shi a kan jini ba tare da an huda fatar ƙwayoyin ba, ba zai ga komai ba.

Antibodin CD3, furotin ɗin da ke kan ƙwayoyin T na garkuwa, kuwa siffa suke bi. OKT3 da UCHT1 suna kama sarƙar efsilon ta CD3 ne idan tana haɗe da abokiyar zamanta, wato sarƙar gamma ko ta delta. Idan aka tafasa furotin ɗin aka warware shi, kamun ya lalace. Dukansu biyu ba sa gane CD3 na birin rizos da ake bincike da shi, sai an nemi kulon SP34. Wani lokaci kuma sukarin da ke lulluɓe da furotin yana cikin makamar. Antibodin CD34, da ake ƙirga ƙwayoyin asalin jini da su kafin dashen ɓargo, an kasa su aji uku. Na ɗaya, irin My10, ya dogara da wani sukari mai suna sayalik asid, idan aka kankare shi kamun ya tafi. Na biyu, irin QBEnd10, bai damu da wannan ba amma wasu inzam na yanke makamarsa. Na uku, irin 8G12 da 581, suna kamawa kusa da fata inda waɗannan abubuwa ba sa taɓawa, kuma su aka fi so wajen ƙirga, domin yawan sukarin yana bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya.

Yanzu ga yadda ake aikin a kan tebur, mu ɗauki ƙirgar CD4. Ana ɗibar jini a kwalba mai EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, a juya ta a hankali, a ajiye a digiri 20 zuwa 25, a yi aiki da shi cikin awa 24 zuwa 48 gwargwadon abin da takardar kayan ta ƙayyade. A zuba maikrolita 20 na haɗin antibodi, misali CD3 da CD4 da CD8 da CD45, kowanne da rininsa mai ƙyalli, a bututun da ke ɗauke da ƙananan duwatsun roba da aka san adadinsu. A ƙara maikrolita 50 na jini daidai a gindin bututun. A girgiza, a bar shi minti 15 a duhu. A zuba maikrolita 450 na ruwan da ke fasa jajayen ƙwayoyi, a sake jira minti 15. Na'urar tana tura ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza. Leza mai tsawon zango nanomita 488 tana sa rinin FITC ya ba da kore a wajen 520, PE kuma ruwan lemo a wajen 575, shi kuma APC sai jar leza, yana haske a wajen 660. Kowace ƙwayar T mai CD4 tana ɗaukar antibodi kusan 50,000, hasken ya isa a bambanta ta da sauran. Lissafin mai sauƙi ne: idan na'ura ta ga ƙwaya 5,000 da duwatsu 10,000, bututun kuma na da duwatsu 50,000, to a raba 5,000 da 10,000, a ninka da 50,000, a raba da 50, a samu 500 a kowace maikrolita.

Tun daga nan ana ganin inda kuskure ke shiga. Jini yana da kauri, yana manne wa bakin abin ɗiba. Kuskuren maikrolita 5 kuskuren kashi 10 cikin ɗari ne a sakamako. Ɗigon da ya maƙale a jikin bututu bai haɗu da antibodi ba, daga baya ruwan fasa ƙwayoyi ya wanko shi ya shigo da ƙwayoyi marasa rini. Monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, su ma suna ɗauke da CD4, ko da yake kaɗan ne, don haka wanda ya ƙirga duk abin da ya yi haske ba tare da ya tace da CD3 ko da siffar ƙwaya ba zai ƙara adadin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mara lafiyar da ke kusa da 200, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa don gane cewa ƙanjamau ya yi nisa, inda ake fara neman tarin fuka da cutar kiriptokokus. Haka CD8 yana kan wasu ƙwayoyin NK, wani nau'in ƙwayoyin garkuwa da ba na T ba, su ma CD3 ke fitar da su daga lissafi. Hasken FITC kuma yana malala zuwa inda ake auna PE, dole a gudanar da bututu mai rini ɗaya-ɗaya a cire wannan malalar.

Jelar antibodin ma tana da nata kamun, wanda ba ruwansa da makama. Monosait da wasu fararen ƙwayoyi suna da masu karɓar jela, CD16 da CD32 da CD64. CD64 na mutum yana riƙe IgG2a, ɗaya daga cikin ƙananan azuzuwan IgG na ɓera, sosai, sai monosait su yi haske da antibodin da ba nasu ba. Maganinsa a fara jiƙa ƙwayoyin da IgG na mutum ko ruwan jinin mutum kamar minti 10 kafin a sa rini, musamman idan an riga an wanke su daga ruwan jininsu. IgG1 na ɓera kuwa CD32 ne ke kama shi, kuma ƙarfin kamun ya danganta da gado: mai arjinin a gurbi na 131 yana riƙewa sosai, mai histidin ba ya riƙewa. Wannan ne ya sa UCHT1, wanda IgG1 ne, yake tayar da ƙwayoyin T na wasu mutane a kwalbar reno ya kasa tayar da na wasu, alhali OKT3, wanda IgG2a ne, yana tayar da na kusan kowa.

Sauran matsalolin duk a kan makama suke. Matattun ƙwayoyi suna shan kowane antibodi, sai a sa rinin da ke nuna su a fitar da su. Inzam irin tiripsin da ake narka nama da su suna aske CD4 da CD62L daga fata, daskarar da ƙwayoyi ma na rage CD62L. Fomalin yana ɗaure furotin da juna ya rufe makamai, shi ya sa masu yankan nama ke dafa shi a ruwan sitiret mai pH 6 don su buɗe, kuma kulon da yawa na jini ba sa aiki a nan ko an dafa. Ƙwaya mai rai a wuri mai ɗumi takan tattara furotin ɗin da antibodi ya kama ta haɗiye shi. Idan aikin zai daɗe sai a yi shi a digiri 4 da sodiyam azaid kashi 0.1 cikin ɗari. Yawan antibodi ma ba alheri ba ne. Idan ya wuce ƙima yakan manne wa ƙwayoyin da ba nasa ba, tazarar da ke tsakanin masu haske da marasa haske ta ragu. Kowace sabuwar kwalba ta bincike a tsarma ta rabi-rabi sau shida zuwa takwas, a zaɓi ma'aunin da ya fi raba su. A ajiye kwalaben a firji, digiri 2 zuwa 8, nesa da haske, kada a bari masu PE su daskare.

Da aka fara ba mutane waɗannan antibodi a matsayin magani sai lamarin ya juya, garkuwar mutum ta ga furotin ɗin ɓera a matsayin baƙo. OKT3 shi ne na farko da aka amince da shi, a 1986, don hana jiki ƙin ƙodar da aka dasa, a wancan lokacin ana ba da miligiram 5 kullum na kwana 10 zuwa 14. Allurar farko takan jawo zazzaɓi da rawar sanyi, wani lokaci har ruwa a huhu, domin hannayensa na kama ƙwayoyin T jelarsa kuma na kama monosait, sai ƙwayoyin T su tashi gaba ɗaya. Ba ya kai kwana guda rabinsa ya bar jini, alhali IgG na mutum yakan yi kusan kwana 21. Marasa lafiya da yawa kuma sukan ƙera nasu antibodin a kansa, zagaye na biyu ya ƙi ci. Irin wannan antibodi da ke jinin mutum yana iya lalata wasu gwaje-gwajen ma, ta hanyar haɗa antibodin ɓera biyu da ke cikin kayan gwajin, a ga sakamako alhali babu abin da ake nema. Don kauce wa haka aka fara ɗora kawunan hannayen ɓera a kan gangar jikin antibodin mutum, kamar rituximab da aka amince da shi a 1997. Greg Winter kuma a 1986 ya nuna ana iya ɗauko lanƙwasan da ke kamu kaɗai a dasa. Sau da yawa ƙarfin riƙo yakan faɗi bayan dashen, domin wasu amino asid da ke ƙarƙashin lanƙwasan su ke tallafe da siffarsu, sai an mayar da na ɓeran ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru a Landan a 2006 ya nuna nauyin makama fiye da duk wani bayani. TGN1412 antibodi ne a kan CD28 da aka samo daga kulon ɓera aka mayar da shi kamar na mutum. Sauran antibodin CD28 ba sa tayar da ƙwayar T su kaɗai, amma shi yana kama wata lanƙwasa ta gefe, wadda ke ba shi damar jera furotin ɗin a sahu ya tayar da ƙwayar ba tare da wani taimako ba. A gwajinsa na farko a kan mutane, an ba mutum shida miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyinsu, kashi ɗaya cikin 500 na abin da birai suka jure lafiya. Cikin 'yan awanni dukansu suka shiga mawuyacin hali, gaɓoɓinsu suka fara gazawa. Antibodin yana kama CD28 na birin, amma daga baya aka gano cewa rukunin ƙwayoyin T masu CD4 da suka fi zubo sinadaran kumburi a mutum, a birin ba sa ɗauke da CD28.

Akwai kuma abin da ke faruwa kullum a asibitocin da ake ba da waɗannan magunguna. Wanda aka yi wa allurar rituximab, maganin na zaune a kan makamar CD20, kulon gwaji irin 2H7 da L27 ba za su samu wurin kamawa ba. Sai a rubuta babu ƙwayoyin B alhali wataƙila rufe su aka yi. Da CD19 ake ƙirga su a irin wannan hali. Haka daratumumab ke rufe CD38 a masu sankarar mayeloma, har yana rikita gwajin dacewar jini, domin jajayen ƙwayoyi ma na da ɗan CD38.

Saboda haka muna roƙon abu biyu ta wannan shafi. Likitan da zai aika jini ya rubuta a takardar neman gwaji ko mara lafiya ya karɓi wani maganin antibodi, da ranar da ya karɓa na ƙarshe. Ɗakin gwaje-gwaje da masu rubuta rahoton bincike kuma su riƙa ambatar sunan kulon da ajinsa da rininsa tare da lambar CD, sannan duk sakamakon da ya saɓa wa yanayin mara lafiya a maimaita shi da kulon na biyu mai wata makamar daban kafin a sa masa hannu.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku,
Wasu ma'aikatan kimiyyar gwaje-gwaje da ke aiki a fannin garkuwar jiki